Gasar Mutum-mutumi: Wa Ya Zauna da Yaran?

A 'yan shekarun nan, duk wanda ke duba wayarsa ba zai rasa cin karo da irin hoton nan ba: yara 'yan sakandare su biyar ko shida, sanye da riguna iri ɗaya, sun kewaye wata na'ura mai tayoyin roba da hannun ƙarfe, a bayansu kuwa ga wani ƙaton ƙyalle ɗauke da sunan kamfanin da ya ɗauki nauyin taron. A ƙarƙashin hoton sai ka ga jama'a na ta sa albarka, wannan ya ce ƙasa ta kusa tsira, wancan ya ce da ma ba basira muka rasa ba. Mu ma muna taya yaran murna, domin jiya-jiyan nan muka baro kujerun da suke kai. Amma akwai wata tambaya da ba mu cika jin an yi ba, ita ce kuwa ta sa muka ɗauki alƙalami. Wa ya zauna da yaran nan a daren da na'urar ta ƙi motsi? Wa ya nuna musu inda waya ta tsinke, ya kuma haƙura ya bar su suka haɗa ta da hannunsu? Muna ganin amfanin wannan gasa duka yana rataye ne a kan amsar wannan tambaya, kuma muna tsoron kada a kwaikwayo ƙyallen da kofin, a baro mutumin can.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu gyara wani abu a zuciyar mai karatu. Idan an ce mutum-mutumi, ko saƙago kamar yadda waɗansu ke kiransa, akan zaci wani abu ne mai kai da ƙafafu irin na finafinai. Na gasa ba haka yake ba. Akwati ne na ƙarfe a kan tayoyi, da batir, da ƙananan injunan lantarki, da 'yar kwamfuta wadda yara ke rubuta wa umarni. Aikinsa ya tsinci ƙwallo ya jefa a raga, ko ya ɗora abu bisa abu, ko ya ɗafe a jikin sanda ya yi lilo. Manyan cikinsu sukan kai nauyin buhun siminti, ko su ɗara kaɗan.

Tunda al'adar ba tamu ba ce, bari mu bi ta can gidanta. A ƙasar Amurka, cikin jihar New Hampshire, akwai wani gari da ake kira Mancesta. Garin masaƙu ne tun asali. Kamfanin saƙa na Amoskeag da ke bakin koginsa ya taɓa zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, yana ɗauke da ma'aikata wajen 17,000, sa'an nan ya rufe ƙofofinsa a 1935 ya bar garin da dogayen gine-gine na jan bulo babu kowa a ciki. Duk wanda ya san Kakuri ta Kaduna bayan mutuwar masaƙu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A cikin waɗannan tsofaffin gine-gine ne wani maƙeri mai suna Dean Kamen, wanda ya yi suna wajen ƙirar na'urorin asibiti, ya kafa ma'aikatarsa, a nan ne kuma ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989. Kukansa shi ne yaran Amurka sun haddace sunayen 'yan ƙwallo da mawaƙa, amma ba su san sunan injiniya ko ɗaya da ke raye ba. Dabarar da ta zo masa ita ce a mai da ƙira ta zama wasa, da fili, da alƙalan wasa, da 'yan kallo masu ihu, da kofi.

Ya sami abokin tafiya, Farfesa Woodie Flowers na babbar makarantar fasaha ta MIT, wanda tun cikin shekarun 1970 yake koyar da wani darasi mai ban sha'awa: ya ba kowane ɗalibi akwati ɗaya na tarkace iri ɗaya, ya ce kowa ya ƙera abin da zai kayar da na ɗan'uwansa a ƙarshen zango. A 1992 aka yi gasar farko a ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare a Mancesta, da ƙungiyoyi 28. An shimfiɗa tsabar masara a filin, na'urorin suna kutsawa cikinta suna tara ƙwallayen tanis. Daga wannan 28 abin ya haura ƙungiyoyi 3,000, ya kuma ƙetare iyakar Amurka zuwa ƙasashe da dama.

To, ga inda muke so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Tun ranar farko, kowace ƙungiya aure ce tsakanin makaranta da wata ma'aikata. Makarantar da ta ci kofin 1992, ta garin Clinton, kamfanin robobi na Nypro da ke garinsu ne abokin aurenta. Kamfanin Xerox ya riƙe wata makarantar gwamnati a birnin Rochester. General Motors da Motorola da Boeing da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA su ma duk sun shigo. Kuɗi kam sun ba da. Amma babban abin da suka bayar shi ne ma'aikatansu. A farkon watan Janairu ake bayyana wasan shekara, kowace shekara da irin nata, daga ranar kuwa injiniyan da ya wuni a bakin aikinsa zai tashi da yamma ya wuce makaranta, ko kuma a kwaso yaran a kawo su cikin ma'aikatar, su raba dare tare har na makonni shida. Yaro ɗan shekara 15 zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ya yi shekara 20 yana ƙera injin mota. Zai ga yadda yake auna abu sau biyu kafin ya yanka, yadda yake zana abu a takarda kafin ya taɓa ƙarfe, yadda yake yin kuskure a gaban yara bai ji kunya ba, ya kwance ya sake. Wannan ilmi ba ya cikin littafin kimiyya na aji biyar. Maƙeran gargajiyarmu sun san shi sarai, shi ya sa ba a koyon ƙira sai a gindin zuga-zugi.

Akwai kuma wata tarbiyya da Farfesa Flowers, wanda ya rasu a 2019, ya dasa a cikin wasan, wadda muke ganin ta fi kofin daraja. Ba a karawa ɗaya da ɗaya. Tun 2005 ƙungiyoyi uku ne ke haɗa kai su kara da waɗansu uku, cikin wasa na wajen minti biyu da rabi, wanda a daƙiƙunsa na farko na'ura ke tafiya da umarnin da aka rubuta mata kawai, ba mai taɓa ta. Wanda ka kara da shi da safe, wataƙila shi ne abokin haɗinka da la'asar. Saboda haka idan injin abokin hamayyarka ya ƙone, amfaninka ne ka ara masa naka, haka kuwa ake yi. Daɗin daɗawa, lambar girma mafi daraja a gasar ba a ba da ita don gwanintar na'ura, ana ba ƙungiyar da ta fi yaɗa sha'awar kimiyya a garinta, ta kafa wa waɗansu makarantu ƙungiyoyinsu. Mu da muka taso cikin ɓoye wa juna littafi idan jarrabawa ta gabato, wannan ya isa ya sa mu sunkuyar da kai.

Kada mai karatu ya zaci mun ɗauki kamfanonin nan waliyyai. Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da ke ƙera jiragen sama ya san bayan shekara goma zai bukaci dubban injiniyoyi, ya kuma san idan yaro bai ƙaunaci lissafi a sakandare ba, da wuya ya nemi injiniya a jami'a. Shuka suke yi don su girba. Cikin masu ba da taimakon ma har da manyan maƙeran makamai irin su Lockheed Martin da BAE Systems, da ita kanta ma'aikatar tsaron Amurka, kuma ba sai an gaya wa ɗalibin jami'a abin da suke nema a wurin yaro mai iya sarrafa na'ura daga nesa ba. Wannan magana ce da ya kamata a riƙa faɗa a fili. Duk da haka, muna ganin son kai irin na mai shuka ya fi kyautar mai neman suna amfani ga makaranta, domin mai shuka zai dawo baɗi ya duba gonarsa, mai neman suna kuwa da an ɗauki hoto ya naɗe ƙyallensa.

Shin abin yana aiki? Jami'ar Brandeis ta bi sawun waɗanda suka yi gasar, a wani bincike da ta fitar a 2005, ta tarar sun fi takwarorinsu zaɓar karatun injiniya nesa ba kusa ba. Muna karɓar wannan da 'yar ajiyar zuciya, don yaron da ya yarda ya sadaukar da dararensa na makonni shida da ma can zuciyarsa ta karkata. Amma ko an rage, akwai saura.

Aibin tsarin yana nan, kuma su kansu Amurkawa sun daɗe suna gardama a kansa. Na farko shi ne tsada. Kuɗin rajista kaɗai yakan kai wajen dala 6,000 a shekara, ban da kayan aiki da kuɗin mota da masauki. Makarantar da ke maƙwabtaka da babbar ma'aikata tana yanka ƙarfenta da injin da kwamfuta ke sarrafawa, ta ƙauye tana fama da zarto da magagari. Har zuwa 2019 akwai dokar da ta ce idan makonni shida sun cika, a sa na'ura a buhu a ɗaure, ba mai taɓa ta sai ranar gasa, wai don a daidaita kowa. Sai masu hali suka riƙa ƙera na'ura biyu, ɗaya a buhu, ɗaya a fili ana ta gwaji da ita. Dokar da aka yi don talaka ta koma kansa, har dai aka soke ta. Aibi na biyu ya fi wannan ciwo. Dokokin FIRST ba su ƙayyade iyakar hannun manya a cikin aikin ba, domin masu ita sun ce burinsu su cusa sha'awa, ko da yaro kallo ya yi ya ƙaru. Sakamakon haka akan sami ƙungiyar da injiniyoyi suka zana, suka yanka, suka ɗaura, yara kuwa suka sa riga suka riƙe tuta. Ba duka ba ne, ba ma mafi yawa ba, amma zargin bai taɓa mutuwa ba. A nan mun saba da masu FIRST. Kayan aro ba ya rufe katara. Yaron da aka ƙera wa, aka kuma ɗora masa kofi, an koya masa wani mugun darasi, watau suna daban, aiki daban, darasin da ƙasarmu ba ta bukatar ƙarin masu haddace shi.

Shi ya sa zuciyarmu ta fi kwantawa da wata gasa wadda ba ta kai waccan suna ba. A 1993, injiniyoyi biyu na kamfanin Texas Instruments a garin Sherman na jihar Teksas, Ted Mahler da Steve Marum, sun lura da yadda 'yan makarantar da suka kawo ziyara ma'aikatarsu suka ƙura ido ga wani faifan bidiyo na gasar ɗaliban MIT. Sai suka kafa tasu gasar, mai suna BEST, don makarantun yankinsu. Makaranta ba ta biyan ko kwabo ta shiga. Kowa akwati iri ɗaya ake ba shi, abin da ke ciki kuwa falankin katako ne da bututun roba irin na masu aikin famfo, da ƙusoshi, da waya, da 'yan injuna waɗanda ake mayarwa bayan gasa don a ba na baɗi. Injiniya ya ba da shawara, yara su yi aikin, su kuma rubuta littafin da ke bayyana yadda suka yi tunani tun daga zanen farko. Ka ga a nan kamfani bai sayi kofi ga makarantar da yake so ba, ya shimfiɗa tabarma ce ga kowa.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa idan ana zancen nan, amma akan yanke shi a tsakiya, mu kuwa muna so mu kai shi ƙarshe. A 2004, yara huɗu daga makarantar Carl Hayden da ke wata unguwar talakawa a birnin Finiks na jihar Arizona, dukansu 'ya'yan baƙi daga Meziko, sun shiga gasar na'urorin da ke nutso cikin ruwa, wadda aka yi a Santa Barbara ta Kalifoniya. Malamansu biyu, Fredi Lajvardi da Allan Cameron, suka sa su a rukunin jami'o'i, bisa tunanin cewa faɗuwa a hannun manya ba abin kunya ba ne. Da bututun roba suka ƙera tasu, a kan kuɗi wajen dala 800 da suka tara daga 'yan kasuwar unguwa. Ɗaliban MIT kuwa sun zo da wadda ta ci wajen dala 11,000, da taimakon kamfanin mai na ExxonMobil. Yaran Finiks suka zo na ɗaya. Masu ba da labarin sukan ce, ka ga, ashe ba a bukatar kamfani. Ba haka ba ne. Yaran sun yi ta buga waya ga ma'aikatan kamfanoni suna tambaya, yaya ake auna zafin ruwa a ƙarƙashi, yaya ake auna nisa, aka kuma sami waɗanda suka tsaya suka saurari yaron da ba su taɓa gani ba, suka yi masa bayani, har da mai ba da aron na'urar awo. Abin da suka samu daga masana'antu ke nan, lokaci da sani, shi ne kuwa ya yi musu rana.

Ƙarshen labarin ba shi da daɗi. Rashin takardun zama ya toshe wa yawancinsu hanyar tallafin karatu. Sa'ad da Joshua Davis ya fitar da littafi a kansu a 2014, ɗaya ne kaɗai cikin huɗun ya sami digiri, shi ma sai da ya koma Meziko ya yi ƙwadago kafin a yarda ya dawo. Kofi bai buɗe musu ƙofa ba. Duk kamfanin da zai shiga wannan harka, mu a wurinmu, ma'auninsa shi ne ko ya san inda yaran suke bayan shekara biyar.

Wannan iska ta iso nahiyarmu. A 2017 aka fara gasar ƙasa da ƙasa ta FIRST Global a birnin Washinton, ƙasashe fiye da 150 suka aika da yaransu, har da Nijeriya. Abin da duniya ta fi tunawa da shi a wannan taro ba na'ura ba ne. 'Yan matan Afganistan sau biyu ana hana su biza kafin a bar su su shiga, yaran Gambiya ma sai da aka fara hana su, sa'an nan bayan an tashi yara shida na Burundi suka ɓace ba su koma gida ba. Ba mu faɗi haka don mu zargi yaran ba. Muna nuni ne cewa idan aka mai da hawa jirgi shi ne maƙasudin gasa, to, yara shida ne za su amfana a ƙasa guda, wataƙila ma ƙasar ta yi asararsu. Misalin Gana ya fi kama hankali. Wani ɗan ƙasar, Dokta Ashitey Trebi-Ollennu, injiniya ne a NASA wanda ya yi aiki a kan na'urorin da aka aika duniyar Mirrihi. A 2011 ya kafa wata gidauniya don horar da 'yan sakandaren ƙasarsa da malamansu, ana shirya musu gasa a cikin gida shekara bayan shekara. A 2019 'yan matan makarantar Methodist da ke Mamfe suka ciyo gasar duniya ta Robofest a jihar Mishigan. Shekara takwas ke tsakanin shuka da girbin, farkon abin kuwa injiniya ne guda da ya ba da lokacinsa.

Mu a nan mun taɓa gwada ɗaya hanyar, ta sayen kaya ba tare da tanadin mutane ba, mun kuma ga ƙarshenta. Da aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin share fagen fasaha a ƙananan azuzuwan sakandare, gwamnati ta yi odar injuna daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawansu ba a ko fasa akwatunansu ba, saboda babu ɗakin da za a girka su, babu wutar lantarki, babu malamin da ya san kansu. Waɗansunmu sun yi shekara shida suna wucewa ta gaban wani ɗaki mai ƙaton kwaɗo a makarantarsu, suna leƙe ta taga suna hango ƙarafa sun yi tsatsa, gizo-gizo ya yi musu rumfa, alhali a cikin aji ana zana musu hoton zarto a allo suna kwafa. Idan yau aka ce kamfani ya sayo akwatunan haɗa mutum-mutumi daga waje ya miƙa wa shugaban makaranta a gaban 'yan jarida ya juya, to, an sake gina wancan ɗaki ne, sai dai kwaɗon ya zama sabo. Sabanin haka, makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da jihar Kano ta buɗe a 1977 sun cika asibitoci da ma'aikatu da likitoci da injiniyoyi, kuma duk wanda ya tambayi tsofaffin ɗalibansu, sunayen malamai za su fara lissafa masa.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ƙasar da miliyoyin yaranta ba sa zuwa makaranta, inda ɗalibai ke zama a ƙasa ƙarƙashin rufin da ke yoyo, ina ita ina wasan mutum-mutumi? Maganar tana da nauyi, ba kuwa za mu yi da'awar cewa gasa za ta gyara rufi ba. Idan irin mai tsadar nan ce, wadda makarantun kuɗi biyar na Abuja da Legas za su riƙa karɓe-karɓen kofi a tsakaninsu, mu ma muna cikin masu cewa a bari. Amma irin ta Sherman, katako da bututu da waya, ba ta fi ƙarfin makarantar gwamnati ba, kuma yaron da ya tashi yana ƙera motar kara da ta gwangwani ba baƙo ne ga wannan aiki ba. An dai raba shi da shi ne ranar da ya sa rigar makaranta, aka nuna masa cewa aikin hannu na wanda ya kasa karatu ne.

Za a kuma ce ina masana'antun? Gaskiya ne Kakuri ta yi shiru, Sharaɗa da Bompai da Challawa ba kamar da ba. Amma ba a rasa na rasawa ba. Akwai kamfanonin siminti da na fulawa da na lemo da na robobi, akwai injinan casar shinkafa, akwai kamfanonin waya da na rarraba wutar lantarki, kowannensu da injiniyoyi da masu gyaran inji. Wani manaja zai ce ai sun biya harajin ilmi. Haka ne, a 1993 doka ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu don ilmi, amma a 2011 aka taƙaita asusun ga manyan makarantu, watau mu ne muka ci, ƙannenmu na sakandare aka cire su. Abin da muke roƙo kuwa ba ya bukatar a taɓa asusu. Kamfani ya saki injiniya ɗaya yammaci biyu a mako na tsawon zango ɗaya, ya lissafa masa shi cikin lokacin aiki. Ya buɗe wa yara juji na tsofaffin injuna da guntayen ƙarafa da ake sayarwa a kilo. Ya bar su su shigo ɗakin gyaransa ranar Asabar ƙarƙashin kulawa. Sa'an nan idan sun gama sakandare, ya san sunayensu sa'ad da suka dawo neman gurbin koyon aiki, don kada su zama kamar yawancinmu, waɗanda tsarin horon ɗalibai a masana'antu da aka kafa tun 1973 ya kai mu ofisoshi muka yi wata shida muna sayo wa manya abinci muna neman mai sa mana hannu a littafi.

Kada kuma a taƙaita ma'anar masana'anta ga mai ƙaton gini da maigadi. Panteka ta Kaduna masana'anta ce, Ƙofar Ruwa ta Kano haka, masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre su ma haka. Mai walda da ya ƙera injin niƙa daga tarkace, da mai naɗa wayar injin da ya ƙone ya tashi, suna da abin koyarwa wanda da yawa cikin masu digiri ba su da shi. A haɗa irin wannan maigida da injiniyan kamfani a kan ƙungiya ɗaya, ɗaya ya kawo lissafi ɗaya ya kawo hannu, a kuma rubuta sunayensu duka biyu a takardar gasa da girma ɗaya.

Sharaɗin da ba za mu sassauta a kansa ba shi ne na hannu. Ranar gasa, kafin a kunna kome, alƙalai su fitar da manya waje, su sa yaran a gaba su tambaye su: me ya sa kuka zaɓi wannan giya, me zai faru idan batir ya yi sanyi, kwance wannan hannu ka mayar. Ƙungiyar da ta kasa amsawa ta faɗi, ko da na'urarta na tashi sama. A kuma tabbata makarantun 'yan mata na cikin jerin farko, kada a ce sai abin ya kankama, domin Mamfe ta riga ta kashe wannan gardama.

Saura mu. Yana da sauƙi ɗalibin jami'a ya zauna a ɗakin kwana ya rubuta wa kamfanoni wa'azi. A Amurka ɗaliban jami'a da yawa ne ke komawa su zama jagororin ƙungiyoyin da suka fito daga ciki, ba wanda ya biya su. A cikinmu akwai masu karatun injiniya da lissafi da kimiyyar kwamfuta, ga kuma makarantun gwamnati da ba su fi tafiyar minti 20 daga ƙofar jami'a ba, waɗanda ƙungiyoyinsu na matasan injiniyoyi da masana kimiyya suka zama suna a takarda kawai. Ɗalibi ɗan aji uku ba injiniya ba ne tukuna, amma ya san abin da zai hana yaro ƙona 'yar kwamfutarsa, kuma shi ne zai iya ɗaukar takarda ya je ya tsaya a ƙofar manajan ma'aikata har a saurare shi.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati kuwa, abin da ke hannunku ƙarami ne a ido amma kome na jiransa. Shugaban makaranta ba zai bar baƙo ya shigo ya zauna da ɗalibansa bayan an tashi ba sai da takarda daga ma'aikatar ilmi. Mai ajiyar kaya ba zai fasa kwaɗon wancan ɗaki ba sai an rubuta masa, don kayan ciki suna cikin littafinsa tun kafin a haife mu. Waɗannan takardu biyu ba kwamishina ke rubuta su ba, ƙaramin ma'aikaci ne ke tsara su ya ɗauki fayil ya kai sama a sa hannu, ya kuma bi shi ofis-ofis don kada ya kwana a ƙarƙashin waɗansu. Idan aka same su kafin hutun ƙarshen shekara, ana iya share ɗakin a cikin hutun, a ware injunan da za su tashi daga waɗanda sai dai a kwance a ɗebi ƙarfensu, yara su dawo zango na gaba su tarar da ƙofar a buɗe.